Na'urorin gano hayaƙi da zafi na Ei3016 da Ei3014, da yadda aikin ɗaura su ya kasance a wani gida a Kano

Da yawa daga cikin gobarar da ke cin rayuka a cikin gidaje da dare take tashi, kuma galibi ba harshen wuta ne ke fara kaiwa ga mutane ba, hayaƙi ne. Mai barci ba ya jin ƙauri kamar yadda yake ji a farke, kuma hayaƙin da ke fita daga katifar soso ko kujerar falo ko robar wayar lantarki yana ɗauke da guba wadda ke ƙara nauyaya masa jiki har ya kasa tashi. Ƙungiyar NFPA ta Amurka, wadda ta daɗe tana tattara alƙaluman gobara, ta nuna cewa kusan uku cikin biyar na waɗanda ke mutuwa a gobarar gida a can suna mutuwa ne a gidajen da babu na'urar gano hayaƙi, ko kuma akwai amma ba ta aiki. A Sikotilan kuwa, tun daga watan Fabrairu na 2022 doka ta wajabta wa kowane gida ya kasance da irin waɗannan na'urori a haɗe da juna. Mu a nan, mutum zai kashe maƙudan kuɗi a kan tayil da silin da labule, amma da wuya ka ɗaga kai a falonsa ka ga ko da guda ɗaya, alhali muna da ƙarin abubuwan tayar da wuta waɗanda su ba su da su: wutar da ake kawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, man janareta a cikin jarka, batiran inbata a lungun koridoo, da kaskon gawayi a lokacin hunturu.

Na'urorin da muka saka a gidanmu ƙirar kamfanin Ei Electronics ne da ke garin Shannon na ƙasar Ailan, waɗanda ake sayarwa a Birtaniya da sunan Aico. Ei3016 ita ce ta hayaƙi, Ei3014 ita ce ta zafi, kuma mun ƙara da Ei3018 guda ɗaya wadda ke gano iskar nan mai guba marar wari da ke cikin hayaƙin janareta da na gawayi. Wani ɗan'uwa ne ya sayo mana su daga Ingila, sa'annan wani ƙaramin kamfanin masu aikin lantarki a nan Kano ya ɗaura. Gidan ba bene ba ne: falo, koridoo, ɗakunan kwana uku, kicin a ciki, sai ɗakin samari da ke ware a kusa da ƙofar gida. Ra'ayina a taƙaice shi ne na'urorin sun cancanci kuɗinsu, amma an ƙera su ne da gidan Ingila a zuci, saboda haka rabin amfaninsu yana hannun wanda ya ja musu waya ya zaɓa musu wurin zama.

Ei3016 da haske take aiki. A cikinta akwai ɗan ƙaramin ɗaki mai duhu inda wani ƙwai ke fitar da hasken da ido ba ya gani, da kuma wani ido na lantarki da aka kautar daga hasken. Idan hayaƙi ya shiga, ƙwayoyinsa suna warwatsa hasken ya faɗa kan idon, sai ƙararrawa ta tashi. Irin wannan ƙira ta fi saurin kama wutar da ke ci a hankali ba tare da harshe ba, kamar ta katifa da guntun maganin sauro ya faɗa a kai, ko ta wayar da ta yi zafi tana narkewa a bayan talabijin, kuma wannan ita ce wutar da ta fi yi wa masu barci illa. Akwai tsohuwar ƙira mai ɗauke da ɗan sinadarin amerisiyom-241, wadda ta fi saurin kama wuta mai harshe amma take yawan kuka saboda ƙaurin girki. Ei3014 kuwa ba ruwanta da hayaƙi sam. Zafin iska take aunawa, kuma tana kuka ne idan ya kai wajen digiri 58. Shi ya sa ita ake sakawa a kicin, inda suyar kifi ko ta ƙosai za ta riƙa tayar da ta hayaƙi kullum har mutanen gida su gaji su cire ta. Sai dai ya kamata a sani cewa kafin silin kicin ya kai digiri 58 wuta ta riga ta kankama, don haka na'urar zafi ita kaɗai ba kariya ba ce; amfaninta yana tabbata ne idan tana haɗe da sauran, ta yadda kukanta zai isa ɗakunan kwana nan take.

Wannan haɗin shi ne ainihin abin da ake biyan kuɗi dominsa. Kowace na'ura tana kuka da ƙarfin desibel 85 idan aka auna daga nisan mita uku, wanda a cikin ɗaki ya isa ya tayar da yawancin mutane. Amma idan wuta ta tashi a falo, ga bangon bulo, ga ƙofar ƙarfe a rufe, ga fanka ko na'urar sanyaya ɗaki tana gunji, ga janaretan maƙwabci, to ƙarar da za ta isa kunnen mai barci a ƙuryar gida ba ta taka kara ta karya ba. Idan suna haɗe, da zarar ɗaya ta ji hayaƙi dukkansu suke ɗauka tare. A ranar da aka gama aikin na sa aka rufe dukkan ƙofofi, aka kunna fankoki, na shiga ɗaki na ƙarshe, aka danna maɓallin gwaji na wadda ke kicin. Cikin 'yan daƙiƙu ta saman kaina ta amsa da ƙarar da babu mai iya ci gaba da barci a ƙarƙashinta.

Yadda ake haɗa su ba shi da wuyar fahimta. Kowace na'ura tana da faranti da ake ɗaurewa a silin, kuma a jikin farantin wayoyi ke shiga, sa'annan a zura kan na'urar ya kama. Ana buƙatar waya mai wuta, da nutural, da waya ta uku wadda ita ce ke kai saƙo daga wannan na'ura zuwa waccan, sai ta at, wato wayar ƙasa, idan akwai. Ana iya jera har goma sha biyu a kan layi ɗaya. Sharuɗɗan da ba a wasa da su guda uku ne. Dole wutar ta kasance mai zuwa kai tsaye, ba wadda ta biyo ta makunnin fitila ba, domin in ba haka ba duk wanda ya kashe fitila ya yanke wa na'urar wuta. Dole kuma dukkan waɗanda ke haɗe da waya su sha daga layi guda da bireka guda, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a gidajenmu masu layi uku inda ake sauya layi idan ɗaya ya yi rauni. Na uku, idan aka juya mai wuta da nutural a na'ura ɗaya ana iya lalata duka jerin. Ƙa'idar Birtaniya ta BS 5839-6 ta yarda a ba su bireka tasu ta kansu, ta kuma yarda a ɗora su a layin fitilun da ake amfani da su kullum. Mun zaɓi layin fitilu, kuma ina ganin shi ya fi dacewa, domin idan bireka ta faɗi za a lura da duhu a daren, amma birekar da ba ta ɗauke da komai sai ƙararrawa tana iya yin watanni a kashe babu wanda ya sani.

Shugaban ma'aikatan, dattijo ne mai haƙuri wanda ya nuna mini takardar shaidarsa ta NEMSA, hukumar da ke tantance masu aikin lantarki, tun kafin in tambaya, ya yi aikin wayar da kyau. Ya bi ta cikin rufi, ya saka wayoyin a cikin bututun roba maimakon ya shimfiɗa su a kan katako inda ɓera zai ci, ya sa alama a kan wayar saƙo a kowane faranti don kada wani ya ɗauke ta a matsayin nutural nan gaba, kuma bai bar ƙullin waya ko ɗaya a naɗe da salatif a sarari ba. Ya kuma san cewa ba a gwada ƙarfin rufin waya da na'urar nan mai tura wuta mai yawa alhali kawunan ƙararrawar suna ɗaure, don haka ya gama gwajinsa kafin ya zura su. A wannan ɓangaren ba ni da abin cewa sai yabo.

Inda muka sha bamban shi ne wurin zaman na'urorin, kuma a nan na gane cewa ƙwarewa a jan waya daban take da sanin halin hayaƙi. Hayaƙi sama yake yi ya bazu a fuskar silin, amma ba ya saurin shiga kusurwar da bango ya haɗu da silin, domin iskar wurin a tsaye take. Saboda haka takardar kamfanin ta ce a saka na'urar kusa da tsakiyar ɗaki gwargwadon iko, kuma a nisanta ta da bango da fitila da aƙalla santimita 30. To amma a gidajenmu tsakiyar ɗaki wurin fanka ne, kuma fanka tana kore hayaƙi daga duk abin da ke kusa da ita. Shawarar masana ita ce a bar kusan mita ɗaya tsakanin na'urar da bakin fikafikan fanka, haka ma tsakaninta da inda na'urar sanyaya ɗaki ke huro iska. Ɗaya daga cikin yaran ya riga ya huda silin falo dab da fanka, a ganinsa nan ya fi kyau da ido, wani kuma ya tura ta koridoo can cikin adon silin da ya yi rami a gefe. Da na yi magana, dattijon ya ce, «Alhaji, ai ko'ina take a ɗakin za ta ji.» Sai da muka buɗe takardar muka duba zanen tare sa'annan ya amince aka mayar, kuma ramin da aka huda a falo ni na nemo mai gyaran silin ya toshe. Haka kuma sun so su gwada na'urorin ta hanyar kunna takarda a ƙarƙashinsu, abin da kamfanin ya hana, domin toka tana gurɓata ɗakin hasken kuma harshen wuta yana iya narka robar. Maɓallin gwaji an yi shi ne don ya gwada na'urar gaba ɗayanta. Ban ga mugun nufi a cikin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, rashin sabo ne da aikin, amma mai gidan da bai karanta takardar ba zai karɓi aikin a haka yana zaton ya samu kariya cikakkiya.

Batun wutar da za su sha shi ya fi cin lokaci. Na'urorin suna aiki da bolt 230, daidai da namu, kuma a cikin kowace akwai batirin litiyom mai caji da kansa wanda aka tsara ya yi shekara goma, ba a cire shi ba a canza shi. Wannan babbar fa'ida ce, domin abin da ke kashe ƙararrawa mai batirin da ake cirewa shi ne a zare batirin a saka a rediyo ko fitilar hannu da niyyar mayarwa gobe. Idan an ɗauke wuta batirin yana riƙe na'urar na tsawon lokaci mai yawa, kuma ɗan koren ƙwan da ke jikinta yana daina ci a tsaye ya nuna cewa a kan batiri take. Sai dai an tsara batirin ne don ƙasar da ɗauke wuta baƙon abu ne, mu kuwa a nan kullum yana cikin caji da saukewa. Mafita ita ce a ɗora layin a ɓangaren inbata, amma a nan ma akwai sharaɗi da takardar ta faɗa ƙarara: wutar inbatan dole ta kasance mai tsabtar igiya irin ta wutar layi, gurɓatarta ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Ƙananan inbatoci masu arha da yawa ba sa fitar da irin wannan wuta, kuma suna iya ƙona na'urar. Ma'aikatan ba su tambayi irin inbatan da muke da shi ba kafin su haɗa. An yi sa'a namu mai tsabtar ne. Duk wanda zai yi wannan aiki ya duba wannan tun kafin ya sayi kaya, ya kuma sa a saka masa abin kare kayan wuta daga bugun wuta mai ƙarfi a akwatin rarrabawa.

Ɗakin samari da ke ware mun haɗa shi ba tare da waya ba. Akwai ɗan ƙaramin ɓangare mai suna Ei3000MRF da ake cusawa a bayan kan na'urar, wanda ke aika saƙon ta iska. Aka saka ɗaya a na'urar koridoo, ɗaya a ta ɗakin samarin, aka gabatar da su ga juna don kada su amsa wa na wani gida, kuma saƙon yana ratsa tsakar gida ba tare da matsala ba. Ga gidajenmu na gargajiya masu sassa daban-daban, da zaure da turaka da ɗakunan mata a zagaye da tsakar gida, ina ganin wannan ita ce hanya mafi sauƙi, ko da yake kowane ɓangare ƙarin kuɗi ne.

Sai maganar turaren wuta, wadda babu takardar kamfani da ta yi tanadinta. Na'urar ba ta bambanta hayaƙin turare da na gobara, kuma bai kamata ta bambanta ba. Idan aka ɗora kasko a ɗaki aka rufe ƙofa da taga don turaren ya kama labule da tufafi, za ta yi kuka, kuma da yake a haɗe suke gidan gaba ɗaya zai ɗauka. Maɓallin da ke jikinta yana sa ta yi shiru na kimanin minti goma, amma a silin mai tsawo sai an nemo sanda. Uwargida ta fara da cewa a cire ta ɗakinta, kuma na fahimci dalilinta, domin abin da ake yi kullum ba zai yiwu ya riƙa tayar da unguwa ba. Abin da muka daidaita a kai shi ne a riƙa ajiye kaskon nesa da ƙarƙashin na'urar, a rage yawan turaren da ake zubawa a lokaci ɗaya, a bar taga a ɗan buɗe, kuma tun daga nan da wuya ta yi kuka. Kamfanin yana da makunni na bango, Ei1529RC, wanda daga ƙasa ake gwada na'urorin da shi, a gano wadda ta fara kuka, a kuma sa su yi shiru. Ba mu saya ba a karon farko, amma a gidan da ake turare ina ganinsa a cikin abubuwan da ba a bari. Abin da ba zan taɓa ba da shawara ba shi ne a rufe na'urar da leda ko safa, domin wanda ya rufe da yamma shi ne zai manta da dare.

Ƙura da zafi su ne sauran abubuwan da yanayinmu ya bambanta da na can. Ei3016 tana da raga mai hana ƙwari shiga, kuma tana daidaita kanta da ƙurar da ke taruwa a hankali, amma hazon hunturu na Kano ya wuce abin da za a bar wa na'ura ita kaɗai. Ana buƙatar a riƙa zuƙe ƙurar da ke ramukan gefenta, a goge ta da ƙyalle mai ɗan laima, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda kuma shi ne lokacin da gobara ta fi yawa saboda bushewar komai da yawan dafa ruwan zafi. Game da zafi, takardar ta ce kada a saka su inda zafin yau da kullum ke wuce digiri 40. A watan Afrilu da Mayu zafin Kano a waje ma yana kaiwa haka, balle a ƙarƙashin rufin kwano marar silin mai kauri. A ɗakunan cikin gida ban damu sosai ba, amma kicin ɗin waje mai rufin kwano tsirara ba wurin Ei3014 ba ne. Zafi yana rage wa kowane batirin litiyom kwana, don haka ni ba na dogara ga cewa lallai sai sun cika shekara gomar nan a wannan yanayi. Gwajin wata-wata da maɓalli shi zai gaya mini gaskiya.

Ei3018 kuwa mun saka ta a koridoon da ya fi kusa da inda janareta yake. Iyalai da dama a ƙasar nan sun kwanta lafiya ba su tashi ba saboda janaretan da aka kunna a baranda ko a koridoo don tsoron ɓarayi, kuma na'urar hayaƙi ba ta jin wannan iskar. Ƙararta ta bambanta da ta gobara, don haka ana gane wace ce ta tashi. Ba izini ba ce ta shigo da janareta ko kaskon gawayi cikin ɗaki, amma gidan da ke da ɗaya daga cikinsu yana buƙatarta.

Ta fuskar kuɗi, suna da tsada, musamman da canjin fam a yau, kuma garantin shekara 5 da ke kansu ba shi da sauƙin amfani ga wanda yake nesa da inda aka sayo. Wanda bai da halin wannan tsari ya nemi masu batirin shekara goma da ba a cirewa, waɗanda ke haɗuwa da juna ta iska ba tare da jan waya ba, ya duba cewa ta hayaƙi tana ɗauke da alamar EN 14604, ta zafi kuma BS 5446-2. Abu biyu zan ja kunne a kai. Kayan Amurka masu shan wutar gida an yi su ne don bolt 120, kuma idan aka jona su a wutarmu za su ƙone. Na gwanjo kuma a duba ranar da aka rubuta a jikinsu, domin kowace irin ƙararrawa ba ta wuce shekara goma ba a sauya ta ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake cirowa daga gidajen Turai an cire su ne saboda wa'adinsu ya cika.

Abu na ƙarshe da ma'aikatan ba su yi ba, wanda a ganina yana cikin aikin, shi ne su tara mutanen gida su nuna musu abin da za su yi idan ta yi kuka. Mu muka yi wannan da kanmu, kuma a nan ne muka lura cewa dukkan tagogin ɗakunan kwana ƙarfe ne a like da siminti, mabuɗin ƙofar baya kuma ba shi da wurin ajiya guda da kowa ya sani. Mun kira mai walda ya mayar da ƙarfen taga ɗaya a kowane ɗaki mai buɗewa daga ciki, muka kafa ƙusa a gefen kowace ƙofa don mabuɗi a inda yaro mai wayo zai iya kaiwa, muka kuma rubuta lambar gaggawa ta 112 tare da ta ofishin kashe gobara mafi kusa a bangon koridoo. Zan sake ba wannan kamfani aikin waya ba tare da shakka ba, amma da sharaɗin a zauna a zana wurin kowace na'ura a takarda, a auna nisanta da fanka da bango, a kuma duba inbata, kafin a huda silin ko ɗaya.